Daga Haddar Allo Zuwa Mitar Gida: Yadda Ya Kamata a Koyar da Ɗalibai Makamashi

Kusan duk ɗalibin da ya kai aji uku na ƙaramar sakandare a Najeriya zai iya rera maka ka'idar nan da ke cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sauya daga wani yanayi zuwa wani. Ya haddace ta tsaf da Turanci, zai kuma rubuta ta a jarrabawa ya ci maki. Amma a miƙa masa fawa bank da aka rubuta 10,000mAh a jikinsa, a tambaye shi me ya hana shi cika wayar da batirinta 5,000mAh ne har sau biyu, sai ya yi shiru, ko ya ce ai jabu ne. Wani lokaci jabun ne. Sau da yawa kuwa kayan lafiyarsa ƙalau. Amsar tana cikin waccan ka'idar da ya haddace, babu dai wanda ya taɓa nuna masa cewa abin da aka rubuta a allo da abin da ke aljihunsa duk magana ɗaya ce.

A da wannan giɓi bai cika damun kowa ba. NEPA ta kawo wuta a kunna komai, ta ɗauke a tayar da janareto, fetur kuma da sauƙinsa. Yanzu lissafi ya canza. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin 2024 ta ƙare kuma ta haye naira 1,000. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga ƙasa da naira 70. A watan Oktoban shekarar ne yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wa yankin wuta. Masu ƙanƙara suka tafka asara, rumfunan cajin waya suka cika maƙil.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Rufin gidaje da shaguna a Kano, Kaduna, Zariya da Sakkwato ya cika da faifan sola. Iyalai na zuba dubban ɗaruruwan naira a batir da inbata, yawanci bisa maganar mai sayarwa kaɗai, don babu wanda zai iya tantance lissafin a gida. Alhali a gidan akwai ɗa ko 'ya da ke karanta Fiziks.

A 2025 gwamnatin tarayya ta fitar da sabon tsarin manhajar karatu, inda haɗa sola da kula da ita ya shiga cikin sana'o'in da ɗalibai za su iya zaɓa, tare da irin su gyaran kwamfuta da waya. Mataki ne mai kyau a takarda. Abin tsoron shi ne ya bi sahun darussan kwamfuta da aka yi shekaru ana koyarwa a makarantun da ba su da kwamfuta ko ɗaya, inda malami ke zana linzami a allo yara su kwafa.

Wat da wat-awa

Idan da za a ce malami ya zaɓi abu ɗaya tak ya tabbatar kowane ɗalibi ya gane shi kafin ya bar aji, to bambancin wat da wat-awa ne. Nan ne manya ma ke ruɗewa.

Wat shi ne ƙarfin zubar famfo. Wat-awa kuma shi ne ruwan da ya taru a jarka bayan famfon ya ɗauki lokaci yana zuba. Fanka mai wat 60 da ta yi awa ɗaya tana juyawa ta sha wat-awa 60. Idan aka tara wat-awa 1,000 an samu kilowat-awa ɗaya, kuma wannan shi ne yunit ɗin da ake saya a loda wa mitar gida. Ɗalibai da yawa su ake aika sayen yunit, amma ba su taɓa sanin cewa shi ne abin da littafinsu ke kira kWh ba.

A koma kan fawa bank. Lambar mAh ita kaɗai ba ta faɗin yawan makamashi, sai an ninka ta da bolt, wato lambar nan da ake bin ta da harafin V. Ƙwayoyin batirin da ke cikin fawa bank suna aiki ne a kan 3.7V, saboda haka 10,000mAh ya zama wat-awa 37. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗaukar kimanin wat-awa 19. A takarda kamar zai kusa kaiwa sau biyu. To amma kafin wutar ta fito ta wayar caji sai an ɗaga ta zuwa 5V ko fiye, a cikin wayar kuma a sake sauko da ita, kowane juyi yana cin rabonsa. Ina rabon yake tafiya? A taɓa bayan wayar lokacin da take caji. Ɗumin nan da ake ji shi ne makamashin da bai shiga batir ba. Shi ya sa da ƙyar ake samun caji ɗaya da rabi. Ka'idar da aka haddace ke nan, ta fito a tafin hannu.

Wannan darasi ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Fawa bank ɗaya, waya ɗaya, da 'yar mitar nan ta USB da ake maƙalawa tsakanin caja da waya, wadda masu gyaran waya da yawa ke da ita, sun isa aji guda.

Aikin gida: lissafin dare ɗaya

Daga nan sai a tura yara gida da aiki mai sauƙi. Kowa ya duba bayan kayan wutan gidansu, ya rubuta wat ɗin da ke jiki, ya kuma ƙiyasta awa nawa ake kunna kowanne.

A ɗauki gida mai matsakaicin hali. Fanka ɗaya mai wat 60 na awa 8, wat-awa 480 ke nan. Ƙwan LED huɗu masu wat 9 na awa 5, wat-awa 180. Talabijin mai wat 50 na awa 4, wat-awa 200. Cajin wayoyi uku, a ce 60. Jimilla 920, bai ma cika yunit ɗaya ba.

Yanzu a kawo batir. Mai 12V 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200. Sai dai batirin darma, irin mai ruwa ko tubula, ba a son a riƙa zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Wato 600 ne na amfani, inbata kuma za ta ci nata a ciki. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi ya riga ya san dalilin da ya sa inbatarsu ke fara kuka ƙarfe biyu na dare, ya kuma san cewa ba lallai ne mai haɗawa ya cuce su ba, batirin ne ya yi wa gidan kaɗan. Batirin litiyam yana ba da damar a yi amfani da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da ke cikinsa, wannan na daga dalilan tsadarsa.

Wurin da yara ke buɗe baki shi ne idan aka sako dutsen guga. Mai wat 1,000 da aka yi rabin awa ana aiki da shi zai iya shan wat-awa 500, fiye da abin da fanka ta sha dare guda cur. Haka tsofaffin ƙwayayen nan masu zare a ciki. Mai wat 60 haskensa daidai yake da LED mai wat 9, domin kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Guda huɗu na awa 5 wat-awa 1,200 ne, sun fi duk sauran kayan gidan haɗe. Bambancinsu da LED ya ɗan haura yunit ɗaya a kullum, wanda a farashin naira 225 na Afrilun 2024 ya kai kusan naira 6,900 a wata.

Yaron da ya fitar da wannan lamba da hannunsa ba ya buƙatar a yi masa wa'azin tattalin wuta. Shi ne zai riƙa bin ɗakuna yana kashe fitila, har sai ya ishi mutanen gida.

Daga ina wutar take zuwa?

Littattafan aji sukan jera hanyoyin samun makamashi kashi biyu, masu ƙarewa da masu sabuntuwa, da hotunan ƙasashen waje. Ga misalai kuwa a gida birjik. Madatsar Kainji da aka buɗe a 1968 tana da ƙarfin megawat 760, Jebba na ƙasa da ita a kan kogi ɗaya, Shiroro mai megawat 600 da Zungeru mai 700 kuma suna kan Kogin Kaduna. Duk da haka mafi yawan wutar da ke kan babban layin ƙasa daga iskar gas take, a tashoshi irin su Egbin da ke Legas. Injinan da aka kafa a ƙasar sun kai kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isowa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 zuwa 5,000, ga mutane sama da miliyan 200. A sa ɗalibai su raba wannan lamba da kansu su ga wat nawa ya faɗo wa kowane mutum. Ba ya kai rabin abin da fanka ɗaya ke bukata.

Akwai tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso da ke Kano, wadda aka buɗe a farkon 2023. Akwai tashar iska mai megawat 10 a Lambar Rimi ta jihar Katsina, wadda ta sha jinkiri na shekaru masu yawa, kuma tarihin jinkirin nata ma darasi ne. Jami'ar Bayero ta samu tashar haɗin gwiwar sola da janareto a 2019 ƙarƙashin shirin hukumar REA na samar wa jami'o'i wuta, shirin da ya haɗa da horar da ɗalibai mata. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai cibiyar binciken makamashi da ke aiki kan rana tun shekarun 1980. Makarantar da ke kusa da ɗaya daga cikin waɗannan wurare, ziyarar yini guda ta fi mako biyu na kwafar rubutu.

Ƙetaren iyaka ma haka. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta katse wa Nijar wuta, alhali daga nan mafi yawan wutar Nijar ke zuwa. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ke gefen Yamai ta fara aiki a ƙarshen wannan shekara, ta rage raɗaɗin. Kuma jami'ar Yamai sunan Farfesa Abdou Moumouni take ɗauke da shi, masanin Fiziks da ya sadaukar da rayuwarsa ga binciken makamashin rana tun lokacin da duniya ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba. Yaran Maraɗi da Damagaram sun san sunan. Da yawansu ba su san aikin da ya yi ba.

Janareto marar mai

Akwai wani amfani na wannan ilimi da ba a cika ambata ba, shi ne kare aljihu daga 'yan damfara. Facebook da TikTok cike suke da bidiyon janareton da ba ya shan mai: mota tana juya dinamo, dinamo yana ciyar da motar, har a samu rarar da za a kunna firji. Ana sayar da irin waɗannan, ana kuma karɓar kuɗin koyar da haɗa su. Ba ya yiwuwa. Kowane juyi yana zubar da wani kaso a matsayin zafi da ƙara, don haka abin da ya fito ba zai taɓa kai abin da ya shiga ba, balle ya fi shi. Duk inda aka ga yana aiki, a nemi batirin da aka ɓoye.

Ko janareto na gaskiya ma abin dubawa ne. Litar fetur na ɗauke da kimanin kilowat-awa 9 na makamashi, amma ƙaramin janareton gida ba ya mayar da ko kashi 20 cikin 100 zuwa lantarki. Sauran shi ne zafin da ke hana a taɓa salansa, da ƙarar da ke hana maƙwabta barci. Nan ne kuma wurin da malami zai tsaya ya yi bayanin hayaƙin nan marar launi marar wari da ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan aka kwana da janareto a cikin ɗaki ko a soro a rufe.

A 2012 wasu 'yan mata huɗu 'yan sakandare sun nuna janareto mai amfani da fitsari a bikin Maker Faire Africa a Legas, labarin ya zagaya duniya. Na'urar tana raba sinadaran fitsari ne ta fitar da iskar haidurojin, a ƙona ta a janareto. Masana sun yaba ƙoƙarin, suka kuma nuna cewa rabawar kanta lantarki take ci, kuma wanda ake samu a ƙarshe ba zai kai wanda aka zuba ba. Yaran sun yi abin da ya kamata ɗalibi ya yi, sun haɗa abu da hannunsu. Tambayar da ya kamata manya su taya su yi ita ce nawa ya shiga, nawa ya fito. Wannan tambaya ya kamata ta zama ta farko a duk gasar ƙirƙira ta makarantu, domin har yau ana tafa wa ayyukan da ba a auna ba.

Faifai ɗaya, mita ɗaya

Ƙaramin faifan sola mai wat 10 ko 20 da mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo za su iya riƙe aji zango guda. Lambar wat da ke bayan faifai an auna ta ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 kan kowane murabba'in mita, faifan kuma yana kan zafin digiri 25. Rufin kwano a Sakkwato cikin watan Afrilu ya yi nesa da digiri 25. Faifai yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa kan kowane digiri da ya ƙaru, shi ya sa tsananin zafin bazara ba shi ne lokacin da sola ta fi ba da wuta ba, saɓanin yadda mutane ke zato. A zuba wa faifan ruwa mai sanyi yara na kallon mita, za su ga bolt ya ɗaga.

Su auna kowace awa daga safe zuwa la'asar. Su rufe kusurwa ɗaya da tafin hannu su ga yadda 'yar inuwa ke karya ƙarfin faifan gaba ɗaya. Lokacin hunturu su bar shi mako guda ba sharewa, su auna, su goge ƙurar, su sake aunawa. Su karkata shi kudu, su karkata shi arewa. A nan akwai abin mamaki: a Kano, da ke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ranar tsaka tana ratsawa ta kudu a mafi yawan shekara, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta sai ta koma ta arewa. Sanda ɗaya da aka kafa a filin makaranta za ta nuna hakan da inuwarta.

Lambobin da aka tara kada a bar su a littafi. A zuba su a Excel ko Google Sheets a waya, a fitar da zane. Waɗanda suka fara koyon Python za su iya rubuta 'yan layuka goma da ke karɓar jerin kayan gida su faɗi girman batir da faifan da ake bukata, wanda aiki ne da ya fi kalkuletar da ake sa kowane sabon ɗalibi ya rubuta ma'ana. Shafin Global Solar Atlas na Bankin Duniya kyauta ne, yana nuna yawan hasken rana na kowane gari. Akwai kuma PhET na Jami'ar Kolorado a Amurka, inda ake haɗa batir da waya da ƙwai a fuskar allo, kuma ana iya sauke shi a yi amfani da shi ba tare da data ba.

Iyaka ɗaya ce ba ta da sassauci: babu ɗalibin da zai taɓa wutar soket. A tsaya kan 12V zuwa ƙasa. Tsofaffin ƙwayoyin batirin laptop da yara ke son tsinta su haɗa fitila suna kamawa da wuta idan aka huda su ko aka haɗa bakinsu biyu.

Madafi ma aji ne

Duk wannan zance na lantarki ne, alhali makamashin da gidajen Arewa suka fi ci ba ya bin waya. Itace ne da gawayi. Murhun duwatsu uku yana isar da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai na zafin itacen ga tukunya, sauran ya bi iska, hayaƙin kuma ya bi ƙirjin mai girki. A auna itace daidai wa daida, a tafasa ruwa lita biyu a buɗaɗɗen murhu da kuma murhun da aka kewaye da laka, a rufe tukunya ɗaya a bar ɗaya a buɗe, a riƙe agogo. A wannan gwaji 'yan mata ne suka fi kowa sanin kan abin, kuma sau da yawa su ne ake bari a baya idan aka zo riƙe mita.

Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya. Ana saka ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen ƙyalle. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki, yadda randa ke sanyaya ruwa. Tumatir, gauta da alayyahu sukan ƙara kwanaki ba su lalace ba, babu wat ko ɗaya da aka kashe.

A ba ɗalibai tukwane biyu da ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Su rubuta bambancin a watan Maris, lokacin da iska ta bushe ƙayau, su ajiye takardar. A watan Agusta, da damina ta kankama iska ta cika da laima, su sake aunawa da tukwanen nan dai, sannan malami ya bar musu su faɗi da kansu abin da ya sa sanyin ya ragu.